Jawabi Ga Hakimai Da Magatakarda A Kan Turancin Takardun Inshora Da Zambar Da A Ke Yi Cikinta

 

Maganar yau a kan Turancin da a ke rubuta takardun inshora da shi ne, da kalmomin da 'yan sanda da alƙalai su ke aiki da su in an kama wani ya yi zamba cikin wannan sha'ani. Dalilin kawo ta gabanku a fili ya ke. Mutum in gobara ta cinye masa kanti, ko motarsa ta faɗi, ko ubansa ya rasu ya bar takarda, alhali kuwa ba ya jin Turanci, wurin magatakarda ya kan nufa a cika masa fom. Wani lokaci kuma a kan nemi hakimi ya ba da wasiƙar shaida cewa lalle abin ya auku cikin ƙasarsa. Abin da aka rubuta aka sa wa hannu, shi kamfani zai riƙe, shi kuma za a karanta gaban alƙali in rigima ta tashi. Kalma guda in ta karkace, mai gaskiya ya iya rasa haƙƙinsa, maƙaryaci ya iya samun abin da ba nasa ba, sunan wanda ya sa hannu kuma ya shiga cikin maganar.

Kalmomin farko

Inshora yarjejeniya ce. Mutane da yawa su kan riƙa zuba kuɗi kaɗan kaɗan wurin kamfani, da sharaɗin wanda tsautsayi ya faɗa wa a cikinsu za a biya shi hasararsa. Ta yi kama da adashi wajen zubi, amma ta saɓa masa wajen kwasa, gama a adashi kowa yana da ranarsa, a inshora kuwa sai wanda hasara ta sama. Saboda haka wanda ya yi ƙarya ya karɓa, kuɗin 'yan'uwansa masu zubi ya ci, kamfani kuma ya kan ƙara wa kowa kuɗin zubi don ya cike giɓin.

Kuɗin zubin nan shi ne "premium". Takardar yarjejeniyar ita ce "policy". Hasarar da ta auku ita ce "loss". Neman biya bayan hasara shi ne "claim". Wanda aka ambata zai karɓi kuɗi in mai takarda ya mutu shi ne "beneficiary". Kalmomi biyar ke nan, babu takardar inshorar da za a buɗe a rasa galibinsu.

Turanci yana da al'adar fitar da kalmomi da yawa daga tushe ɗaya, kamar yadda Hausa ta ke fitar da sata da ɓarawo da satacce daga al'amari guda. Fi'ilin shi ne "insure". Daga gare shi aka sami "insurance", sunan sha'anin duka, da "insurer", watau kamfani, da "insured", watau mai takarda. A lura da wutsiyar kalmomin nan biyu na ƙarshe. Wadda ta ƙare da "er" mai aikatawa ce, wadda ta ƙare da "ed" wanda aka aikata wa ce. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma wanda ya musanya su ya ɗora wa talaka abin da ya ke wuyan kamfani.

Akwai kuma "underwriter", wadda ma'anarta mai rubutu a ƙarƙashi. Asalinta daga birnin London ne. Wajen shekara ta 1688 wani mutum, Edward Lloyd, yana da shagon sayar da gahawa inda masu jiragen ruwa da attajirai su ke taruwa. In mai jirgi yana son a ɗauke masa hasara, sai a rubuta sunan jirgin da kayansa da inda za shi, duk attajirin da ya yarda ya ɗauki wani kaso sai ya rubuta sunansa a ƙasan takardar. Daga wannan shago kasuwar inshora ta Lloyd's ta samo sunanta, har yanzu kuwa tana nan a London.

Kalmomin zamba

Zamba ita ce "fraud". Siffarta "fraudulent", kamar a ce "a fraudulent claim", neman biya na zamba. Fi'ilinta "defraud", mai yin ta kuma "fraudster". Hanyoyinta kowace da sunanta. Wanda ya yi hasara ta gaske amma ya ƙara mata gishiri, a ce bandir 40 na yadi suka ƙone ya rubuta 70, an ce ya yi "exaggerate" ko "inflate". Wanda ya ƙaga rasit ko ya kwaikwayi sa hannun wani ya yi "forge", takardar kuma ta zama "forged". Wanda ya cinna wa dukiya wuta da gangan ya yi "arson". Waɗanda suka haɗa baki suka yi karon mota na ƙarya, an ce sun yi "stage" ɗin hatsari, watau sun shirya shi kamar wasan kwaikwayo.

Mutane da yawa suna zaton na farkon nan ba laifi ba ne, wai ai ciniki ne, a faɗi da tsada a yi ragi. Doka ba ta gan shi haka ba. Dokar inshora ta Ingila ta 2015 ta ce in mutum ya sa zamba cikin neman biyansa, kamfani ba ya da tilas ya biya kome daga ciki, har da ɓangaren da ya ke gaskiya, yana kuma iya karɓe abin da ya riga ya biya a kan wannan nema. Mai bandir 40 da ya nemi 70, sai ya tashi ba ko ɗaya. Dokar zamba ta ƙasar ta 2006 kuma ta yanke ɗaurin da ya ke iya kai shekara 10. Waɗannan dokokin Ingila ne, ba su ke aiki a kotunan Nijeriya ba. An kawo su ne don a can kalmomin suka tsiro, kuma da su ɗin nan a ke buga takardun kamfanonin nan ƙasar.

Faɗin gaskiya tun farko

Kafin a ba mutum takarda a kan yi masa tambayoyi. Bayyana abin da ya sani shi ne "disclose", ɓoye shi "conceal", faɗin abin da ba haka ya ke ba "misrepresent". Tushen wannan ka'ida wata shari'a ce da babban alƙalin Ingila Lord Mansfield ya yanke cikin 1766, tsakanin Carter da Boehm. Carter shi ne gwamnan wata ganuwar Ingilishi mai suna Fort Marlborough a tsibirin Sumatra. Aka yi masa inshora wurin Boehm a London, ko abokan gaba za su ci wurin. Faransawa kuwa suka ci shi cikin 1760. Boehm ya ƙi biya, ya ce an ɓoye masa raunin ganuwar da tsoron da a ke yi na zuwan Faransawa. Alƙali ya ba Carter gaskiya, don a ganinsa mai zama London ya fi gwamnan da ke can nesa sanin labarin yaƙin Turai. Amma cikin hukuncin ya kafa ka'ida cewa mai neman inshora shi ya san halin dukiyarsa, kamfani da maganarsa ya dogara, saboda haka kada ɗayansu ya ɓoye wa ɗaya abin da ya sani don ya jawo shi cikin ciniki. Wannan shi ne a ke kira "good faith", watau riƙon amana da zuciya ɗaya.

Wata dokar Ingila ta 2012 ta rarrabe masu faɗin abin da ba daidai ba, da kalmomi uku da ya kamata kowane magatakarda ya riƙe. "Careless" shi ne wanda ya yi sakaci. "Reckless" shi ne wanda bai damu ba ko gaskiya ce ko ƙarya ce, ya dai faɗa. "Deliberate" shi ne wanda ya san ƙarya ce ya faɗa da gangan. Mai sakaci a kan sassauta masa. Biyun ƙarshe kuwa hukuncinsu ɗaya, kamfani yana iya soke takardar ya ƙi biya. Magatakardan da ya cika fom da ka, bai tambayi mai shi ba, ya jefa shi kusa da sahu na biyu ke nan.

Labarin John Darwin

Ga wani labari na gaske da za a ɗauko misalan nahawu daga cikinsa. John Darwin mutumin Ingila ne, ya yi aikin koyarwa, daga baya ya zama gandiroba. Shi da matarsa Anne sun sayi gidajen haya da bashi, bashin ya yi musu katutu. Ran 21 ga watan Maris, 2002, aka gan shi ya shiga teku cikin ɗan ƙaramin kwalekwale a garin Seaton Carew, arewa maso gabashin Ingila. Bai komo ba. Aka yi ta nema ba a sami gawa ba, sai ragowar kwalekwalen aka tsinta daga baya. Cikin 2003 aka yi zaman bincike, aka ba da takardar shaidar mutuwa, matar ta karɓi kuɗin inshora da na fansho kimanin fam 250,000.

Ashe mutumin yana raye. Ya daɗe yana ɓoye a gidan da ke manne da na matarsa, wanda shi ma nasu ne, yana shiga wurinta ta wata ƙofa da aka ɓoye bayan kabad. Ya yi fasfo da sunan wani jariri da ya rasu tuntuni. 'Ya'yansu maza biyu kuwa ba su san kome ba, suna ta makokin uba. Ran 1 ga watan Disamba, 2007, ya shiga wani ofishin 'yan sanda a London ya ce wai mantuwa ta same shi, bai san inda ya ke ba duk shekarun nan. Kwana kaɗan aka gano wani hoto a intanet, shi da matar suna murmushi a ƙasar Panama cikin 2006. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Cikin watan Yuli, 2008, kotu ta ɗaure shi shekara 6 da wata 3, matar shekara 6 da wata 6.

Abin da aka gani da abin da aka ji

Abin lura na farko cikin labarin nan shi ne matakan da Turanci ya ke bi tsakanin ɓata da mutuwa. "He is missing", ba a san inda ya ke ba. "He was reported missing", an kawo rahoto ba a gan shi ba. "He is presumed dead", ana ɗauka ya mutu, ba a ga gawa ba. "He is dead", ya mutu, magana ta ƙare. Ranar da aka tsinci kwalekwalen Darwin, jimla biyu na farko ne kaɗai gaskiya tabbatacciya. Hakimin da aka kawo wa labarin wani ya nutse a kogi, in ba a ga gawa ba, kada ya yarda a rubuta masa jimla ta huɗu. Gani ya kori ji.

Haka nan fi'ilin da a ke ɗauko maganar wani da shi yana da nauyi. "She said", ta ce, mai rubutu bai ɗauki gefe ba. "She claimed", ta yi da'awa, akwai alamar ba a tabbatar ba. "She admitted", ta amsa, watau abin laifi ne kuma gaskiya ne. A nan a ga kalmar "claim" tana da fuska biyu, neman biya da kuma da'awa. Hausa tana da "wai", ƙaramar kalma mai raba mutum da maganar da ba tasa ba. Turanci yana yin wannan aiki da "alleged" da "it is said that". Magatakardan da ya fassara maganar da ke da "wai" ya yar da "wai" ɗin a hanya, ya mai da jita-jita ta zama shaidar ubangidansa.

Wa ya aikata, kuma yaushe

Malaman da suka karanta nahawun Larabci sun san fi'ilin da ba a ambaci mai aikata shi ba, wanda Hausa ta ke yi da "an". A duba jimlolin nan biyu. "The shop caught fire", kanti ya kama wuta. "The shop was set on fire", an cinna wa kanti wuta. Ta farko tsautsayi ce. Ta biyu ta ce akwai hannun mutum, ko da ya ke ba ta faɗi sunansa ba, kamfani kuwa da ya gan ta zai tsai da biya ya nemi 'yan sanda. Haka "lost" da "stolen", ɓata daban, sata daban, ta yiwu takarda ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya.

Sai ƙaramar kalma "had". In ta zo gaban fi'ili tana nuna wannan aiki ya riga wani aukuwa. "The goods were removed when the fire started", an kwashe kaya sa'ad da wuta ta tashi, watau maƙwabta sun kawo gudummawa. "The goods had been removed when the fire started", kafin wuta ta tashi an riga an kwashe kaya. Jimla ta biyu, in mai kanti ya nemi a biya shi kayan, ita kaɗai ta isa ta kai shi gaban alƙali.

Tambayoyin fom ma da lokaci su ke tafiya. "Do you own a lorry?" tana tambayar yanzu. "Did you have an accident last year?" tana tambayar bara kaɗai. "Have you ever had an accident?" tana tambayar duk tsawon rayuwa, gama "ever" daidai ta ke da "taɓa" a Hausa. Direban da ya yi karo shekara 8 da suka wuce zai amsa a'a ga ta biyu da gaskiyarsa, amma in ya amsa a'a ga ta uku ya yi ƙarya. Wajibi ne magatakarda ya fassara masa ita sosai: ka taɓa yi, ko da sau ɗaya, tun da ka ke?

Kalmomin sharaɗi

Cikin takardar yarjejeniya, ƙananan kalmomi su ne masu ɗaure mutum. "If" ita ce in. "Unless" ita ce sai in, ko in ba. "Provided that" ita ce muddin, ko da sharaɗin. "We will pay unless the door was left open" ma'anarta za a biya, sai fa in an bar ƙofa buɗe. Wanda ya karanta "unless" kamar "if" ya juya maganar ƙafa a sama. "Must" da "shall" tilas ne, "may" kuwa ganin dama ne. In an rubuta mai takarda "must" ya sanar cikin kwana kaza, to, lalle ne ya sanar. In an rubuta kamfani "may" ya biya, bai yi alkawari ba. A kuma rarrabe "damage", ɓarnar da ta sami dukiya, da "damages", diyyar da kotu ta ke yankewa.

A ƙarshen fom akwai shaidar da mai takarda ya ke sa wa hannu, galibi da kalmomin "to the best of my knowledge and belief", watau iyakar sanina da abin da na gaskata. Kada a bar kowa ya dangwala yatsa ƙarƙashin wannan layi sai an karanta masa amsoshinsa da Hausa ɗaya bayan ɗaya, ya ce ya yarda.

Matakan shari'a

In magana ta kai ga hukuma, kowane mataki da kalmarsa da ɗan harafin da ke bin ta, tare kuma a ke haddace su. "Suspected of", ana zato. "Accused of", an zarge shi. "Charged with", an tuhume shi gaban kotu. "Convicted of", an same shi da laifi. "Sentenced to", an yanke masa hukunci. "Acquitted", an wanke shi. John Darwin "pleaded guilty", ya amsa laifinsa. Matarsa "pleaded not guilty", ta ce mijin ne ya tilasta ta, amma kotu ba ta karɓa ba, aka same ta da laifi. Mutumin da a ke zato ko a ke tuhuma, ba a kiransa "fraudster" cikin wasiƙa sai kotu ta yanke. Wanda ya riga alƙali ya ɓata sunan mutum, shi ma ana iya kai shi ƙara.

Zambar da a ke yi wa talaka

Ba kullum kamfani a ke cuta ba. Tun dokar 1945 aka wajabta wa mai mota a Nijeriya ya yi inshorar "third party", watau mutum na uku, wanda ba kamfani ba ne ba kuma mai mota ba, shi ne wanda mota ta buge ko ta ɓata wa dukiya. Tun da ya ke tilas ce, 'yan damfara su kan buga takardun jabu su sayar da araha. Mai mota ba zai gane ba sai ranar da ya yi karo, ya tarar ba kamfanin da ya san da shi. Kalmomin da za a nema a nan su ne "genuine", ta gaske, da "fake", ta jabu, da "valid", mai aiki, da "expired", wadda kwananta ya ƙare, da "licensed", mai lasisi. Hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa cikin 1997, ita ke ba kamfanoni lasisi. Hakimi zai taimaki jama'arsa ƙwarai in ya gargaɗe su su tabbata sunan kamfanin yana cikin masu lasisi kafin su ba da kuɗi.

Yadda za a koya

Kowane magatakarda ya sami littafi guda ya keɓe shi don wannan aiki. Ya raba shafi uku: kalma, ma'anarta da Hausa, da jimla ɗaya cikakkiya da ya ƙaga da kansa. Kalmar da aka haddace ita kaɗai saurin gudu gare ta, wadda aka sa cikin jimla kuwa ta kan zauna. Kalma biyar a mako ta isa, cikin shekara sun zama 260. Ya nemi fom da ba a cika ba, ya fassara tambayoyinsa da Hausa, bayan kwana biyu ya mai da Hausar Turanci ba tare da ya duba ba, sa'an nan ya gwada da na asali ya ga inda ya kauce. In ya gamu da kalmar da ta shige masa duhu cikin takardar wani, ya dakata ya duba ƙamus ko ya tambayi wanda ya fi shi, gama matambayi ba ya ɓata.

Ga hakimai kuwa, ranku ya daɗe, roƙo ɗaya ne. Duk wasiƙar Turanci da za ta fita da hatiminku, ku sa a mai da muku ita Hausa kalma kalma kafin ku sa hannu, ku kuma tambayi mai rubutun abu biyu: wanne aka gani da ido, wanne aka ji a bakin mutane? Abin da aka gani a rubuta shi a tsaye. Abin da aka ji a rubuta shi tare da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa.

Allah ya kiyashe mu da tsautsayi, ya ba ku ikon riƙe amanar jama'a. Wasalam.